Wuƙar Malam Isiyaku

Jiya aka kawo akuyar Kirsimeti a bayan babur tun daga kasuwar Zonkwa, an ɗaure ta ƙafa huɗu kamar buhun citta. Ina zaune a bakin ƙofa ina kallo. Ba wanda ya tambaye ni ko ta yi. Gobe ɗana Istifanus zai yanka ta a bayan gida, matarsa ta dafa, a kawo mini nawa a kwano mai murfi, in ce a mayar. Sun ce haƙora ne. Wata jikata mai aikin asibiti ta ce hawan jini ne, har ta yaba mini wai na san abin da ke cutar da ni. Na bar su a haka shekara da shekaru. Ban yi makaranta ba, ko sunana ban iya rubutawa, amma na samu wadda ba 'yar gidan nan ba na ce ta rubuta mini wannan yadda na faɗa, kada ta gyara, domin na gaji da ɗaukarsa ni kaɗai.

Lokacin da aka kawo ni garin nan ina amarya ba mu da agogo. Kiran salla daga ƙaramin masallacin bakin kasuwa shi ke tashin mu. Bayansa katikis, malamin cocinmu, ya bugi guntun ƙarfen dogo da ya rataye a bishiyar mangwaro, sannan taɓare su ɗauka gida gida har gari ya cika da daka. In jirgin ƙasa na safe ya yi kuka daga wajen Kafanchan ba ki gama surfen acca ba, kin makara, kuma kowa ya ji turminki shi kaɗai yana magana. Yanzu injin niƙa ne da kukan babur, da waya manne a kunnen kowa. Yaran yanzu ba su san zafin citta a hannu ba. Da kaka mukan zauna layi, mu tsaga ta biyu da 'yar wuƙa mu shanya a kan dutse, hannu na ƙuna har ki rasa inda za ki sa shi, ga tari, ga hawaye, ga waƙa duk da haka. Surukata takan bi layin tana duba ta kowa. In ta ga kin tsaga da kauri sai ta jefo miki a cinya, ba ta cewa uffan. A wurinta na koyi kallo. Takan ce mini in rufe baki in buɗe ido, abin da na gani in ajiye shi. Na ajiye da yawa. Ba ta koya mini ranar da ake buɗe bakin ba.

Ba zan ce muku zaman ƙauna muke yi da mutanen bakin kasuwa ba, wato Musulmin garin, kamar yadda wasu tsofaffi ke faɗa yanzu in an kafa musu abin ɗaukar magana. Mu muke noma, su suke saye, kuma su ke faɗin yadda za a saya. Hakimi nasu ne, alƙali nasu ne. Surukina ya mutu da tabon igiya a kafaɗa, na kayan da aka sa shi ɗauka dole yana saurayi, kuma duk yaron da aka haifa a gidan nan sai an nuna masa tabon. Akwai sunan da suke kiranmu da shi in sun ɗauka ba ma ji, mu ma akwai wanda muke kiransu da shi da yarenmu. Amma kakanninsu a nan aka binne su, ba su san wani gari ba. Kuma muna ci daga tukunyar juna. Wannan ba labari aka ba ni ba.

Maƙwabcinmu ta bayan shinge Malam Isiyaku ne, mai sayen citta, da matarsa Kande. Duk jajiberin Kirsimeti da hantsi sai ya shigo gidanmu da wuƙarsa a kube. Haka ake yi a lokacin: Kirista ba ya yanka dabbar biki da hannunsa, sai ya kira Musulmi, domin in nama ya dahu maƙwabta su iya ci. Ba Fada na coci ne ya ce a yi ba, ba liman ba ne. Haka muka tarar. Wuƙar doguwa ce, bakinta ya sirance saboda yawan wasawa, an naɗe mariƙinta da jar fata, kuma wajen ƙarshe akwai inda fatar ta yage Kande ta ɗinke da baƙin zare. Ni nake riƙe ƙwaryar ruwan wanke ta, shi ya sa na san ta kamar yunwar cikina.

"Dauda," yakan ce wa mijina yana duba haƙoran akuyar, "bana ma kakar awaki ka samo? Wuƙata za ta sha wuya."

"Ai don kai na zaɓo ta, Malam. Sa'arka ce, ku gaisa."

Sai ya juya ta gabas, ya yi abin da zai yi a bakinsa, ya yanka. Kafin ki ƙifta ido an gama. Kwanon farko na shinkafa da miya gidan Kande yake zuwa, ni nake miƙa shi ta kan shinge. Da layya kuma cinyar rago ta tsallako mana. Duk dangin Dauda suna kiwon alade, amma shi bai yarda a yi a gidanmu ba, ya ce warin zai shiga ɗakin Malam.

A shekarun nan ina aikin wanki a ƙaramin asibitin mishan, ƙarƙashin wata Baturiya ungozoma da kowa ke kira Sista. Ba 'yar Ingila ba ce, daga wata ƙasa take da ake kira Polan. Tana jin Hausa irin tamu ta kasuwa. Ba ta yawan dariya, ni ma haka, shi ya sa muka daidaita. Wata Kirsimeti na kai mata nama, ta tambaye ni wa ya yanka, na ba ta labarin Malam Isiyaku ina alfahari. Ta ajiye cokali. Ta ce in zauna.

Ta ce a ƙauyensu, tana yarinya, ƙabila biyu ne: su, da mutanen Yukren. Duk Kirista ne, amma coci daban, yare daban, har Kirsimeti biyu suke yi, kwana goma sha uku tsakani. In ta 'yan Polan ta zo, maƙwabta ba sa faskare, ba sa shanya wanki, don girmamawa. In tasu ta zo, su ma a yi musu haka. Akwai wani mutum da kowace shekara yake kawo wa uwarta dafaffiyar alkama da zuma a kwano. Ta ce mutanen Yukren sun fi yawa a wajen, suna ganin ƙasar tasu ce tun kakanni, amma gwamnati ta 'yan Polan ce, ɗan sanda nasu, malamin makaranta nasu, gona mai kyau tasu, har an taɓa rushe wa waɗancan coci. "Ba ƙarya suke yi ba," in ji ta. "An danne su." Da babban yaƙin Turawa ya zo, samarinsu suka shiga daji da makamai, suka ce sai sun samu ƙasar kansu, kuma ba za a bar ɗan Polan ko ɗaya a cikinta ba. Wata Lahadi suka fito. Bindiga kaɗan ce, yawanci gatari ne da lauje, kayan gona. Waɗanda suka zo ƙauyensu baƙi ne daga nesa, ba su san gida ko ɗaya ba. Mai alkama da zuma ne ya shiga gaba yana nuna ƙofofi. Uwarta da ƙannenta biyu a ranar suka tafi. Ita kuma wata tsohuwa 'yar Yukren ce ta ja ta ta sa a ramin ajiye dankali, ta koya mata yadda su suke yin alamar gicciye, daga dama zuwa hagu da yatsa uku, saboda da haka ake gane mutum a hanya. Daga baya 'yan Polan ma suka shiga daji, suka ƙona ƙauyukan Yukren da mata da yara a ciki. Wanta yana cikinsu. Ta ce bai sake kallon idonta ba har suka rabu.

Na ce, "Sista, wannan sai ku Turawa. Mu nan nama ɗaya muke ci."

Ta ce, "Maman Istifanus, mu ma mun ci."

Na tashi da fushi. A hanya ina ta juya maganar, sai na lura da abin da ya fi ba ni haushi. In aka ɗauko labarinta aka ajiye a garinmu, mu ne mutanen Yukren. Mu ne masu ƙasa, mu ne masu tabon igiya. Malam Isiyaku da Kande su ne su Sista. Na ce a raina, to ko da ranar ta zo, ni tsohuwar ramin dankali ce. Ban yi shakka ba ko kaɗan.

Shekarar da rikici ya tashi tsakanin 'yan makaranta a Kafanchan, mu nan ba a taɓa kowa ba. Labari ne ya riƙa zuwa da jirgi: an ƙona masallaci a nan kusa, an ƙona coci-coci a can arewa, wane ya dawo ba komai sai rigar jikinsa. Samari suka fara tsayawa taro bayan an tashi coci, in babba ya matso su yi shiru. Babban ɗana Istifanus, wanda Malam ya saba gasa wa hanta a kan tsinke tun yana yawo tsirara, ya daina gaishe shi. Da jajibere ya zo, tun rana ba ta yi zafi ba na ji kukan akuya a bayan gida. Kafin in fito ya danne ta da gwiwa yana yanka da wuƙar girki mara kaifi. Akuyar ta daɗe tana shure-shure. Ubansa na tsaye bai hana ba. Ni ma ina tsaye.

"Daga yau ba wanda zai ƙara juya mana akuya gabas," in ji Istifanus. "Hannunmu ba ƙazanta ba ne."

Da hantsi sai ga Malam Isiyaku da sallama, wuƙa a hamata. Ya ga jini a ƙasa. Ya dubi Dauda, Dauda ya sunkuyar da kai.

"A'a, ashe kun yi sammako bana," ya ce. "To madalla. Allah ya maimaita mana."

Ya juya, ba wanda ya raka shi ƙofa. Washegari na zuba shinkafa a kwano don sabo, har na kai bakin shinge na tuna Kande ba za ta iya ci ba. Na dawo da shi. Da layya cinyar rago ta tsallako kamar kullum. Shekara biyu tana tsallakowa ba abin da ya koma, a ta uku ta daina. A tsakanin nan Dauda ya rasu, Sista ta koma ƙasarsu da ciwon ƙafa, Istifanus ya gina wurin aladu a jikin shingen Malam. Na gani, ban ce komai ba.

Bayan wasu shekaru aka yi faɗa a wani gari da ke gabanmu a kan kasuwa da gonaki. Aka kashe mutane, aka kwashi gawa zuwa Kaduna, Kaduna ta kama. Ƙaramin ɗana Bulus yana aikin masaƙa a can. Bai san komai a kan kasuwar nan ba, ko garin bai taɓa takawa ba. An tare motar da yake ciki aka tambayi kowa sunansa. Abokinsa da ya tsira ne ya zo ya faɗa. Ba mu ga gawa ba. Mun shimfiɗa tabarmar makoki ba kabari.

A rana ta uku na zaga bayan gida sai na ga baƙin samari, ba 'yan garinmu ba, suna zaune a inuwa suna gyara kibau da bindigogin farauta. Istifanus ya tsuguna a tsakiyarsu yana zana layi a ƙasa da tsinke, ga hanya, ga rijiya, ga masallaci, yana ajiye tsakuwa a wasu wurare. Na bi tsakuwar da ido, na san gidan kowace. Na ji ɗaya ya ce gobe in jirgin safe ya wuce. Da Istifanus ya gan ni sai ya share zanen da ƙafa. Na koma kan tabarmata.

Da la'asar Kande ta shigo, ta lulluɓe, da kwanon kunun gyaɗa. Rabonta da gidanmu tun shekarar akuyar nan. Cikin matan zumuntar coci da ke zaune da ni wata ta tashi ta fita. Kande ta durƙusa gabana.

"Maman Isti, ya haƙuri? Ni na fara ɗaukarsa ranar da aka haife shi, kin tuna? Allah ya ba ki dangana. Ki sha ko kaɗan ne, an ce kwana uku ba ki sa komai a ciki ba."

Na karɓa. Na sha. Magana ɗaya ce kawai ake buƙata, in ce ku bar gari yau. Akwai motar Jos da ke tashi kafin magariba, kuma 'ya'yansu duk suna can. Na dubi fuskarta sai na ga Bulus ana tambayarsa sunansa. Na ce a raina, su ma su ɗanɗana. Kada a ce Shaiɗan ne, ni ce. Na ajiye kwanon na ce, "Na gode, Kande. Ki gaida Malam."

Jirgin safe ya wuce ina zaune ban ɗora tukunya ba. Sai ihu daga bakin kasuwa, sai hayaƙi. Ban san lokacin da na tashi ba. Na tsaga shinge, ƙaya na yagar hannuna, na tarar da Kande tsaye a tsakar gida da ludayi a hannu. Ta ce Malam ya fita tun da safe da wuƙarsa, an kira shi yankan ragon suna. Na ja ta muka dawo ta inda na tsaga. Na buɗe ɗan ɗakin da Istifanus ke ajiye dusa, a can cikin wurin aladu.

"Nan?" ta ce.

"Nan ne kawai ba za su duba ba. Shiga."

Ta tattare zanenta ta shiga. Kwana biyu ta yi a ciki. Istifanus ya bi samarin bai dawo ba, ni nake ba aladu abinci, sai in sa ruwa da dafaffen dankali a cikin bokitin dusa in miƙa mata. Gidanta ya ƙone tana jin kwanon rufi na faɗuwa. Malam an sami gawarsa kusa da rijiya, a hanyar gida. Da alama wajenta yake dawowa.

Sojoji suka zo da babbar mota suna kwashe waɗanda suka rage. Na fito da ita, na ba ta zanena ta ɗaura. Har ta sa ƙafa a mota, ta sauko.

"Maman Isti, tsakaninki da Allah. Ranar da na kawo miki kunu, kin sani?"

Da na yi ƙarya ba mai kama ni. Na ce, "Na sani."

Ta gyaɗa kai. Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba. Na ce ta tsaya in ɗauko mata kwanonta.

"Bar shi," ta ce. "Ba ni da inda zan ajiye."

Ban sake ganinta ba, ban san ko tana raye ba.

Na sha yi wa Sista faɗa a raina. Ta ba ni labarin mutum biyu, mai nuna ƙofa da mai buɗe rami, na zaɓi nawa na kwanta da shi shekaru ina jin daɗin kaina. Ba ta gaya mini ko tsohuwar nan ta san da zuwan mutanen daji tun kwana ɗaya kafin su zo ba. Wataƙila ita ba ta taɓa tambaya ba, yarinya ce. Kande ta tambaya. Har yau in baƙi sun zo coci taron zaman lafiya sai a tashe ni tsaye, wai ga matar da ta ɓoye Musulma. Sun taɓa ba ni atamfa, tana nan a akwati ban ɗinka ba. Bakin kasuwa kuwa bai sake zama yadda yake ba. Waɗanda suka dawo sun koma hayin hanya, su a can mu a nan, mahauci biyu, rijiya biyu. Jirgin ma ya daina zuwa, ciyawa ta cinye dogo. In na ce wa jikokina akwai lokacin da Musulmi ke shigowa gidan nan ya yanka mana akuyar Kirsimeti, dariya suke, sun ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni.

Istifanus ya dawo bayan mako guda, ya rame, ba ya kallon idona. Ban tambaye shi inda ya je ba. Ya zama mutumin kirki yadda mutane ke aunawa: dattijon coci ne, ya sa 'ya'yansa duk a makaranta, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Da jajiberin Kirsimetin shekarar da aka kashe Malam ya zo, bai yi aure ba tukuna, sai ya kira ni in riƙe masa ruwa. Na fito da ƙwarya. Ya zaro wuƙa daga kube, doguwa, mai siririn baki, da jar fata a mariƙi. Na ga ɗinkin baƙin zare. Ya ga na gani. Akuyar ko shurawa ba ta yi ba.

"Mama, zuba ruwan mana," ya ce.

Na zuba.

Ɗazu na ji shi a bayan gida yana wasa wuƙar a kan dutse. Gobe za a kawo mini kwano mai murfi, zan ce haƙora ne.